Ku Tambayi Anti: Wai zaman ƙasar waje hutu ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kamar an haɗa baki, kusan duk maganar zaman ƙasar waje ce, ko hunturun da ya sauko mana Kaduna ne yasa kowa ya tuna da masu dusar ƙanƙara oho. Waɗanda suka daɗe suna bin filin nan sun san nayi shekara shida a Bamingam ta Ingila, daga 2013 zuwa 2019 lokacin da maigidan yake karatu, toh yawancin abin da zan faɗa jiki ne ya gaya min. Na tsinto guda biyar, sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Unguwar Dosa, an sa ranata bayan babbar sallah, shi yana Ingila, yace in an ɗaura zai min biza in bishi. Ƙawayena sai cewa suke na tako arziki na huta, amma ni wallahi tsoro nake ji, ban taɓa kwana wani gari ba in ba Zariya gidan kakata ba, kuma a gidanmu mu goma sha ɗaya ne ban saba da shiru ba. Mama tace shirme ne. Dan Allah ki faɗa min gaskiya ya zaman yake?

AMSA: 'Yata Allah ya sanya alheri, ya kaimu ranar lafiya. Ki gaida min Mama da kyau, amma a wannan karon ina bayanki, tsoron nan naki ba shirme bane.

Kafin mu je maganar zama akwai tambayar da nake so a yi masa yau ba sai gobe ba, kuma ba rashin kunya bane: wace irin biza yake zaune da ita? Don yanzu ba kowane mazaunin Ingila ke da ikon ɗauko mata ba. Tun Janairun 2024 aka hana ɗalibai kai iyali sai masu digirin bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a watan Maris na shekarar kuma aka hana sababbin masu shiga aikin kula da tsofaffi su ma kai nasu iyalin. In kuwa ya samu takardar zama ta dindindin ko fasfonsu, sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ke kuma kiyi gwajin tarin fuka da 'yar jarabawar Turanci. Akwai amare a garin nan da aka ajiye a gidan surukai wai kafin biza ta fito, shekara ta zagayo ta sake zagayowa ana abu ɗaya, aure ya koma na kiran bidiyo. Ba sai ke kin tambaya ba, Baba ko waliyyinki ya tambaya, a ga takarda da ido.

Toh mu ɗauka komai ya tafi daidai kin sauka. Sati biyun farko daɗi za ki ji, wuta ba ƙiftawa, ruwan zafi a famfo, ba ƙarar janareto ba sauro, ki ɗauki hoto a bakin titi ki tura ƙawaye suyi ta masha Allah. Sati na uku ango zai koma aiki, ya fita bakwai na safe ya ja miki ƙofa, a nan ne za ki san me ake kira shiru. Ba mai sallama. Ba yarinyar maƙwabta da za ta leƙo wai a basu aron rariya, ba mai tallan awara, ba almajiri, ba kiran sallah sai wanda wayarki ta yi. In a hunturu kika je, a Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan takwas na safe, kafin huɗu na yamma kuma an yi magariba, mu da muka saba duk shekara magariba ba ta wuce tsakanin shida da bakwai. Ni ranar da abin ya fara cika min ciki a kicin na zauna nayi ta kuka ban san me aka min ba, maigidan ya dawo ya tarar da ni ya zaci rasuwa aka yi a gida. Lokacin zafinsu kuma sai ta juye, azumin 2016 a watan Yuni ya faɗo, sai wajen tara da rabi na dare muke shan ruwa, kafin ka gama asham ka ɗan kishingiɗa an ce sahur.

Maƙwabta kar ki sa ran komai daga gare su, kuma kar ki riƙe su a zuci. Baturiyar da gidanta ke manne da namu shekara uku gaisuwarmu bata wuce murmushi da maganar ruwan sama ba, ranar sallah na kai mata farantin waina da miyar taushe ta tsaya tana kallona kamar na kawo mata sammaci, ta dai karɓa, washegari sai ga kati ta ramin wasiƙa ta rubuta godiya. Wannan katin a wurinsu babban zumunci ne. Ita ɗin ce dai ranar da Hausancina ya motsa na hura gawayi a kasko na zuba turaren wuta, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu, ita ta fara dukan ƙofa ƙafarta ko takalmi babu tana tambayar ina yara ina yara. Daga ranar na daina cewa basu da kirki. Kasko dai ki barshi a Kaduna, ki nemi na lantarki kuma ki buɗe taga.

Inda abin yafi ciwo haihuwa ce. A nan kin san yadda ake yi, ki koma gida wanka, Mama da gwaggo su karɓe jariri, ga kunun kanwa ga ruwan zafi safe da yamma har arba'in, ranar suna tsakar gida ba masaka tsinke. Can in kin sauka lafiya washegari ma ana iya sallamarki, hutun da doka ta ba miji sati biyu ne, ungozoma ta leƙo gida ta duba ku ta tafi, sauran ke da Allah. Bizar da za a nema wa Mama kuma ana bayarwa ana hanawa. Ragon sunan autata a Unguwar Sarki aka yanka shi, mu a waya muka ga suyar.

Don haka ku yi maganar aikin gida tun yanzu da bakin yana zaƙi. Can babu 'yar aiki, babu ƙanwar da za a baki ta taya ki zama, babu yaron aike, namijin da yace shi a gidansu maza basa shiga kicin toh ya shirya sabawa ko kuma ya shirya ganin matarsa ta kwanta ciwo. Ki tambaye shi ko zai barki kiyi karatu ko aiki, ba don kuɗin kaɗai ba, don ki riƙa ganin mutane. Matan da na ga damuwa tafi kamawa su ne waɗanda aka ajiye da sunan kulle irin na gida, alhali kullen gida akwai facala akwai uwar miji akwai masu shigowa kitso da lalle, na can kuwa bango ne da hita. Fasfonki ya zauna a hannunki, ki buɗe asusun banki da sunanki, ki riƙe lambar 999 a ka. Tun satin farko ki nemi masallacin da yafi kusa, Bamingam da Mancesta da Landan duk akwai unguwannin Musulmi kuma naman halal ba wahala, ni a cikin matan Somaliya da Pakistan na fara samun ƙawaye kafin in gano 'yan gida. Ban ce kar ki je ba fa 'yata, ni ma ban yi nadamar zuwa ba. Cewa nayi ki je kin san abin da za ki tarar.

TAMBAYA: Hajiya ina miki fatan alheri. Ni uwa ce a Tudun Wada, jikata ke rubuta min. Ɗana ya tafi Ingila karatun dakta da matarsa da yara biyu shekara huɗu kenan, bana suka zo hutu na rasa gane kansa. Wai duk mai son zuwa gaishe shi ya bugo waya tukuna. Kawunsa ya nemi ya taimaka masa da kuɗin kwano, ya dube shi cikin ido yace bashi da shi. Jikokin basa durƙusawa, Hausa ma basa ji, na ɗaga wa ƙaramin hannu don ya miƙo min abu da hagu uwarsa tayi caraf tace ba a dukansu. Abin da yake turo min a wata fam 100 ne. Mutane suna cewa matar ce ta shanye shi.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba wanda ya shanye shi, masu faɗar haka ki bar su da bakinsu.

Bari in fara da kuɗin don shi ne yafi haɗa mutane faɗa. Ɗalibi a Ingila awa 20 kawai doka ta yarda yayi aiki a sati lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi kuma a Afrilun 2025 fam 12.21 aka sa shi a awa, in kin buga bai kai fam 250 a sati ba, a wata dubu ɗaya ne da 'yan kai. Hayar gida mai ɗaki biyu kaɗai tana iya lashe wannan, ba a zo maganar gas na ɗumama gida da wuta da kuɗin bas da cefane ba. Sannan kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 776 ne a shekara kan kowane mutum ɗaya, su huɗu kinga ya haura dubu uku, kuma gaba ɗaya ake karɓa tun kafin a buga bizar. Ko matar tana aiki, wurin rainon yara a can kuɗi ne mai ciwo. Mu a nan da naira muke lissafi, tunda fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024 duk wanda aka ce yana ɗaukar fam dubu sai mu ce miloniya ne, mun manta shi da fam ɗin yake sayen burodi. Fam 100 ɗin nan Hajiya ina tabbatar miki wani abu ya hana kansa kafin ya cire ta. Su ma dai na can suna da laifi, mutum ya fito daga aikin dare ƙafa a kumbure sai ya tsaya jikin motar da ba tasa ba ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, toh kawu ya gani ya za a yi ba zai nemi kuɗin kwano ba?

Kallon ido kuma, a wurinmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, can kuwa wanda baya kallon idon mai masa magana sai a ɗauka ƙarya yake ko akwai abin da yake ɓoyewa, a wurin neman aiki ma yana iya jawo masa asara. Maigidana sai da ya kusa shekara kafin bakinsa ya iya kiran farfesansa mai furfura da sunansa gatsau kamar yadda dattijon ya nema. Haka maganar a'a. Mu in ba za mu yi abu ba sai mu ce toh bari mu gani, Allah ya hore, kowa ya gane an rabu lafiya ba wanda ya ji kunya. Can in kace za ka gani an rubuta ana jiranka, in baka yi ba ka zama mara alƙawari, shi yasa suke koyon faɗar a'a a fili.

Amma duk wannan uzurin can ne. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemo ka ɗaura, ba a ce ka dawo da ita garinku kana kaɗa wa mutane ba. Kawu ba farfesa bane, yana iya ce masa Kawu a yi min addu'a abubuwan sun ɗan yi nauyi, ya saka masa ko naira dubu ashirin a aljihu, da ba a kai ga wasiƙar nan ba. Maganar a bugo waya kafin a zo kuma haba, hutun sati uku ne, a Tudun Wada wa ya taɓa neman izini kafin ya je yi wa ɗan uwa sannu da zuwa. Ki kira shi ɗaki ke da shi, ba gaban matarsa ba kuma ba gaban ƙannensa ba, ki faɗa masa.

Surukarki kuwa ina ganin tsoro ne ya yi magana ba raini ba. Sikotland ta haramta dukan yara kwata kwata a 2020, Wels a 2022, a Ingila ma in duka ya bar shaida ko yaro ya je makaranta ya faɗa wa malama sai ka ga ma'aikatan kula da yara a ƙofar gida, iyayenmu na can da wannan fargabar suke kwana har ta zame musu jiki. Inda ba zan kare su ba shi ne Hausar. Yaro yana shiga makaranta Turanci zai cinye bakinsa, wannan ba sai an koya masa ba, abin da ake koyarwa shi ne harshen gida, kuma na ga yaran Somaliya da na Indiya da aka haifa a can suna zuba yarensu kamar ba su taɓa barin ƙauye ba saboda uwa ta kafe a cikin gida ba Turanci. Ke ma kina da rawar takawa, ki sa jikar nan taki ta riƙa haɗa ku a bidiyo duk Asabar, ba don faɗa ba, ki ce musu ga ta nan ga ta nanku ki basu Gizo da Ƙoƙi, ko basu gane ba ranar farko kar ki fasa.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ɗan Hayin Banki ne, wata takwas ina Jamus ina mastas. Gaskiya mutanen nan basu da mutunci. Ranar Lahadi na buga ƙusa zan rataye labule, maƙwabcina maimakon ya zo ya min magana sai ya liƙa min takarda a ƙofa. Shara ma wai na haɗa roba da ragowar abinci. Abokin karatuna yace mu je cin abinci, da aka gama kowa ya zaro kuɗinsa ya biya nasa, saura kaɗan in ji kunya. Na makara minti 15 wurin ganin malami yace in nemi wata rana. Ji nake kamar in tattara in dawo.

AMSA: Ɗana ka yafe min, sai da nayi dariya kafin na ɗauki biro. Ka taka kusan duk wutsiyar da Bajamushe yake da ita a cikin wata takwas, wannan ma ƙoƙari ne.

Lahadi a Jamus ranar hutu ce a doka, shaguna a rufe suke sai irin na tashar jirgi da gidan mai, ba a buga guduma ba a tada injin huda bango, haka kuma kullum daga goma na dare zuwa shida na safe, je ka duba takardar hayarka da dokar gidan da aka liƙa a zaure za ka gani a rubuce. Takardar da ya liƙa maka kai ka ɗauke ta wulaƙanci, shi a ganinsa rufa maka asiri yayi da bai tsare ka baki da baki ba kuma bai kai ka wurin mai gida ba. Shara ka tambayi wani ya nuna maka sau ɗaya an wuce wurin, robobin ruwa da na lemo ma kar ka zubar, ka mayar shago akwai santi 25 ɗinka a kan mafi yawansu. Cin abinci kuma in ba cewa yayi ni na gayyace ka ni zan biya ba, toh kowa tasa ta fisshe shi, mai kawo abincin ma da kansa zai tambaya a haɗe ko a rabe. Lokaci ne dai ba zan tausaya maka ba. Mu da sallah muke auna lokaci, bayan la'asar tana da faɗi har zuwa magariba, ga gosulon Kawo a ɗora masa laifi, amma ka taɓa makara jirgin ƙasa a Rigasa? Ashe kana iyawa.

Sai dai ni na karanta wasiƙarka sau biyu, ba ƙusa ke damunka ba kuma ba shara ba, kaɗaici ne. Bahaushe bai taɓa tsoron tafiya ba. Kakanninmu fatake da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, har yau ga zangon Kumasi ga Nima da Sabon Zango a Akara, ga Mai Wurno a Sudan da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ga na Makka da tun zamanin tafiyar ƙasa suke can. Amma duk inda suka sauka zango suke kafawa, akwai mai masauki akwai sarkin zango akwai liman akwai mai tuwo, baƙo yana isowa a tambaye shi ɗan gidan wa a nuna masa tabarma. Turai ce babu zango, an watsa ku ɗaki ɗaki gari gari kowa da makullinsa. Kuma akwai dalilin da yasa su basu damu da maƙwabci ba, abin da dangi da maƙwabta suke mana a nan, jinya da rance da riƙon tsoho, su gwamnati da inshora ke musu. Mu maƙwabci shi ne motar asibitinmu da tsakar dare shi ne bankinmu, dole ka gaishe shi ka tambayi gajiya da iyali da kwana biyu. Shi wanda lamba kawai zai danna mota ta zo, gaisuwar minti biyar ta zame masa ɓata lokaci. Ba na cewa tasu ta fi, na ga tsofaffin da sai wari ne ke sanar da mutane sun rasu, Allah ya raba mu da wannan. Ina dai nuna maka ba kai suka tsana ba, junansu ma haka suke wa.

Kai kuma ɗan Kaduna ne fa. Garin nan tun da Turawa suka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917 baƙi ke cika shi, ka tashi da Banufe a dama Bayarabe a hagu Bagwari a bayan layi, in akwai wanda ya kamata ya iya zama da wanda ba nasa ba kai ne. Ka kafa zangonka da kanka. Lahadin da ba a buga ƙusa ai ba a hana tuƙa tuwo ba, ka kira 'yan Nijar da Ghana da kuke haɗuwa a Juma'a, ka kira har abokin nan mai raba kuɗin abinci ya zo ya ga yadda ake ciyar da baƙo. Ka dage da Jamusanci, ka shiga ƙungiyar ƙwallo ta unguwa don su a irin nan suke yin abota ba a bakin titi ba. In kuma wani ya zage ka ko ya hana ka haƙƙinka saboda fatarka wannan daban ne, akwai shi ba ƙarya bane, kar ka haɗiye, ka kai maganar ofishin ɗaliban waje na jami'arku. Haka in barci ya ƙaurace maka ko abinci ya fita ranka ka ga likita, inshorar da kake biya duk wata ba ado bace. Amma dawowa ba takarda bayan an tara Yuro sama da 11,000 an kulle maka a asusu kafin a baka biza, wataƙila har fili aka sayar, saboda an liƙa maka takarda a ƙofa? A'a ɗana.

TAMBAYA: Anti ni bazawara ce a Rigasa da yara uku. Wata hajiya tace za ta kaini Saudiyya aikatau da bizar umara, ita za ta biya komai, in na fara aiki in riƙa biyanta a hankali. Tace ai ƙasar Musulmi ce ba kamar Turai ba. In je?

AMSA: Ƙanwata kar ki je a haka. Bizar umara ta ibada ce ba ta aiki ba, ranar da kwanakinta suka ƙare kin zama mara iƙama, ba ki da bakin kai ƙara in an hana ki albashi, asibiti ma da fargaba za ki je, kullum kina laɓe laɓe, ranar da aka kama ki kuma sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a maido ki da kayan jikinki a hana ki komawa, bashin hajiya yana nan yana jiranki a Rigasa. Duk tafiyar da aka ce bashi ne a wuyanki kuma fasfonki zai zauna a hannun wani, sunanta safarar mutane ko da mai yin tana da haƙorin Makka, irin wannan ne aka kafa hukumar NAPTIP dominsa tun 2003.

Zancen ƙasar Musulmi kuma gaskiya ne za ki ji kiran sallah ki ga Ka'aba, amma gidan da za ki yi aikin ba gidanku bane, ba kya jin yarensu, gidajen manya ne masu hawa, da azumi ana iya kwana a tsaye a kicin har asuba, kuma sunan da za a kira ki da shi Takari. Akwai gidajen kirki akwai na banza, ba ke za ki zaɓa ba. In har sai kin tafi, ta bizar aiki ce, ki ga kwantiragi a rubuce da sunan kafili wato wanda ya ɗauke ki aikin, da albashi da ranar hutu, wani naki mai karatu ya karanta miki, kuma dokarsu ma bata yarda uban gida ya riƙe fasfon ma'aikaci ba. Sannan baki gaya min wa za ki bar wa yara ukun nan ba.

TAMBAYA: Hajiya salam. Zan raka maiɗakina Landan wurin 'yarmu da ta haihu. An haɗo mana kilishi da dambun nama da man shanu da daddawa da kuka da yajin jego. Wai gaskiya ne ana ƙwacewa? Daga wani magidanci a Malali.

AMSA: Alhaji barka da arziki, Allah ya raya. Gaskiya ne, nama da duk abin da ya fito daga nono ba a shiga da su Ingila daga Najeriya ko busasshe ne, wato kilishi da dambu da man shanu sun faɗi, in kwastan suka gani za su karɓe. Busasshen kifi an yarda har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma kilo 2. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin kunu ana wucewa da su, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki, in an tambaye ku ku faɗi abin da ke ciki ba ɓoye ɓoye. Saƙon da wani ya kawo a naɗe yace a miƙa wa ɗansa kar ku karɓa sai an buɗe a gabanku, ko ɗan uwa ne, musamman magani. Daddawa leda uku sannan a saka ta a roba mai murfi, kuma kar Hajiya ta haɗa ta akwati ɗaya da kayan jariri, ni na taɓa yi. Kilishin kuwa ku buɗe shi tun a jirgin ƙasan zuwa Abuja ku ba na kusa da ku, kafin a isa tashar Idu ya ƙare.